Ɗambatta da Kogin Tomas: Labarin Ƙasa da Tarihin Garin Iyaka

 

  

An nemi in yi magana a kan garin Ɗambatta da kogin da ke ratsa ƙasarsa, wato Tomas. Zan bi ta kan yanayin ƙasa, in gangaro tarihi, in ƙare da halin da ake ciki yau. Amma duk inda na zaga, magana ɗaya nake son ku riƙe. Ƙasar nan ba ta taɓa ciyar da kowa a ɓagas ba. Ruwanta kaɗan ne, turɓayarta rairayi ce, koginta kuma fiye da rabin shekara yashi ne. Abin da ya tara jama'a a kanta, ya riƙe su ɗaruruwan shekaru, shi ne kulawar da suke yi mata da hannunsu. Ranar da aka daina kulawar, ba dam ɗin da zai cece mu.

Inda muke zaune

Ɗambatta tana arewa da birnin Kano, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota, a kan babbar hanyar da ta wuce Kazaure da Daura ta shiga Nijar ta nufi Damagaram. Faɗin ƙaramar hukumar murabba'in kilomita 732 ne, ƙidayar 2006 kuma ta samu mutum dubu 207 da ɗoriya a cikinta. In kuka raba, kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum wajen 280, kuma wannan lissafin tsohuwar ƙidaya ne. A ƙauye ke nan fa, inda kusan kowa da fartanya yake ci.

Ƙarƙashin ƙafafunmu akwai wata iyaka da ba a gani da ido. Daga yamma da kudu, in ka haƙa ƙasa ba da nisa ba za ka ci karo da tsohon dutse mai tauri, wanda duwatsun Kazaure suka leƙo daga jikinsa. Daga gabas da arewa maso gabas kuwa dutsen ya nutse can ƙasa, yashi da laka sun binne shi. Wannan shi ne kwarin Tafkin Cadi. Farfesa Olofin na Jami'ar Bayero, wanda ya daɗe yana nazarin ƙasar Kano, ya nuna yadda wannan layi ya raba halin ruwa gida biyu. A ɓangaren dutse kogi yana da kwari da gaɓa, ana iya tare shi a yi dam, amma mai haƙa rijiya yana shan wuya. A ɓangaren yashi kogi yana bazuwa ya ɓace, ruwan ya koma ƙarƙashin ƙasa, sai a bi shi da rijiya ko burtsatse. Ƙasar Ɗambatta tana kusa da inda ɓangarorin biyu suka haɗu. Shi ya sa za ku ji a wani ƙauye rijiya ta ba da ruwa da wuri, a wani kuma an haƙa an gaji.

Koguna uku ne ke kwashe ruwan arewacin Kano. Akwai Jakara, wadda ta taso daga cikin birni ta bi ta ƙasar Minjibir. Akwai Gari, ta wajen Ƙunci da Kazaure. Sai Tomas a tsakiya, wanda ya bi ta kudu da garin nan, tsakaninmu da Makoɗa. Dukkansu gabas suka sa gaba, ba kuma wanda ya kai teku. Can yamma, wajen iyakar Katsina, akwai tudun da ya raba ruwa: wanda ya sauka ta bayansa Gulbin Rima zai shiga, ya haɗu da Kwara, ya faɗa teku. Wanda ya sauka ta wajenmu kuwa kwarin Haɗeja ya nufa, inda kogin Haɗeja ke haɗuwa da na Jama'are kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, su gangara Tafkin Cadi. Ƙananan kogunanmu galibi yashi ke shanye su tun ba su yi nisa ba.

Damina a nan wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, in Allah ya sa ta yi kyau. Birnin Kano yakan samu ruwan sama milimita 800 da wani abu a shekara, kuma duk yadda ka yi arewa raguwa yake yi. Sauran wata takwas ɗin, ɗari ne da hunturu da bazara. Duk abin da za mu faɗa na tarihi a cikin wannan ma'auni ya faru.

Kogin da ba ya ɗaukar jirgi

Domin mu gane irin koginmu, bari mu leƙa wani gari a Jamus. Sunansa Kaub, yana bakin kogin Rayin, mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. A tsakiyar kogin, kan wani tsibirin dutse, akwai ganuwa da aka fara ginawa a 1326 don karɓar kuɗin fito daga duk jirgin da ya zo wucewa. A nan ne kuma sojojin Furusiya ƙarƙashin Janar Bulusha suka tsallaka kogin a daren shiga shekarar 1814, suna bin sawun rundunar Napoliyon. Har gobe ma'aunin zurfin ruwan Kaub ne masu jiragen dakon kaya ke dubawa. A kakar 2018, da ruwa ya ja baya ƙwarai a wurin, jirage suka rage lodi, sai da manyan masana'antun Jamus suka ji a jikinsu. Arzikin irin wannan gari a saman ruwa yake yawo. Kogi ne hanyarsa, shi ne kasuwarsa.

Namu ba haka yake ba. Ba wanda ya taɓa loda buhun gero a kwalekwale daga nan ya kai Haɗeja. Hanyarmu ta tudu ce, jaki da raƙumi da takarkari ne jiragenmu. To me kogin ya ba mu? Abu uku.

Na ɗaya, ruwan da ke kwance cikin yashi. Ko da rani ya tsananta, mai tono a tsakiyar kogi yakan tarar da ruwa. Da wannan aka shayar da mutane da dabbobi tun kafin a san famfo.

Na biyu, fadama. Ambaliyar damina takan bar laka a gefen kogi, ƙasa mai danshi da ke riƙe ruwa bayan tudu ya bushe. A nan kakanninmu suka kafa jigo suna ɗebo ruwa da guga suna ba albasa da tattasai da alkama da rake. Fadama ce ke cike giɓin da damina ta bari.

Na uku, mashaya da kiwo. Makiyayi da ke gangarowa daga arewa da kaka, ko yake komawa da farkon damina, dole ya bi inda ruwa yake. Inda shanu suka yada zango, nan ake samun nono da taki, nan kuma ciniki ke tsayawa. Kasuwar dabbobin da ke ci ran Lahadi a garin nan, wadda ake kawo mata shanu da raƙuma har daga Nijar, ba daga sama ta faɗo ba.

Gonar da ba ta hutawa

A yawancin ƙasashen Afirka masu irin ruwanmu, manomi yakan noma gona 'yan shekaru ya bar ta ta zama saura, ya sari sabon daji. A kewayen Kano an daɗe da rasa dajin da za a sara. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano daga Katsina a watan Fabrairun 1851, kuma abin da ya ɗauki hankalinsa a hanya shi ne yawan ƙauyuka da gonaki da itatuwa. Ya lissafa ƙasar Kano cikin mafi albarkar wuraren da ya gani. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, wani masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, da abokin aikinsa Wilson, suka wallafa bincikensu na 1965 a kan wannan yanki mai cunkoson jama'a. Sun tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana noma ta kowace shekara ba hutu. Masu hasashe na wancan lokaci sun ɗauka irin wannan ƙasa ta kusa mutuwa. Mortimore ya yi ta dawowa shekaru da dama, ya ga jama'a sun ninka, gonakin na nan suna bayarwa, itatuwan gona ma ba su ƙare ba.

Mene ne sirrin? Ku da kuke zaune a nan kun fi ni sani, amma bari in jera shi don ɗalibai su ji cewa abin da iyayensu ke yi ilimi ne.

Manomin nan ba ya shuka abu ɗaya. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda suke, kowa da layinsa da lokacinsa. Gero yana nuna da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina. Dawa tana jiran ƙarshen ruwa. Wake da gyaɗa suna mayar wa ƙasa ƙarfin da hatsi ya zuƙe. In ruwa ya yi gardama, da wuya duka su faɗi tare.

Bayan girbi ba a barin komai a gona. Harawa ta hau rufin ɗaki ko reshen itace, kara ya zama danni da makamashi, karmami ya tafi turke. Tumaki da awaki suna ɗaure duk damina, ana yanko musu ciyawa. Abin da suka ci ya zama taki, a haɗa da toka da sharar gida, da bazara a ɗora wa jaki a mangala a kai gona, a zuba tsibi-tsibi. Wato abin da gona ta bayar, ta bakin turke yake komawa gare ta.

Sai itatuwa. Ba wanda ya bar kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya a tsakiyar gonarsa don ado. Kowace da aikinta: miya, daddawa, kunu, magani, inuwa, itacen girki daga sassabe ba daga sarewa ba. Gawo kuwa ya fi su duka hikima. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Kowa ya san dawar gindin gawo ta fi ta fili.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙarfin ƙasar nan daga cikin gida yake fitowa, daga turke da juji da gumin mai gona.

Garin iyaka

Yanzu mu koma tarihi. Ƙasa mai jama'a da hatsi da shanu, a kan hanyar da ta haɗa Kano da Daura da Damagaram da Azbin, ba za a bar ta ta zauna lafiya ba. A da, ta wannan shiyya ayarin Azbinawa ke shigowa da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da baƙin yadin Kano. Wanda ya riƙe ƙofar arewa ya riƙe wani babban rabo na arzikin birni.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, jama'ar Shehu a ƙasar Kano suka haɗu ƙarƙashin malamai da shugabannin zuri'o'i: Malam Jamo na Sulluɓawa, Malam Bakatsine na Joɓawa, Malam Jibir da Malam Abdurrahman na Yolawa, Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Dabo Dambazau na Dambazawa. Karon da ya karya Sarkin Kano Alwali a Ɗanyaya aka yi shi, arewa da birni, wajen 1807. Cikin waɗanda suka juya yaƙin har da wani shugaban Fulanin arewa mai suna Ɗantunku, wanda Ɗambatta ce mazauninsa.

Bayan rasuwar Sarkin Kano Sulaimanu a 1819, aka naɗa Ibrahim Dabo. Garuruwa da yawa suka ƙi yi masa mubaya'a, amma wanda ya fi ba shi wahala Ɗantunku ne. Shekara biyar ana fafatawa a wannan yanki. Baturen Ingila Clapperton, da ya iso Kano a Janairun 1824, a sansani ya tarar da Sarki, yana shirin fita yaƙi da Ɗantunku. Ƙarshenta Ɗantunku ya bar Ɗambatta ya kafu a cikin duwatsun Kazaure, inda doki ba ya sukuwa yadda yake so. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar da Kazaure masarauta mai cin gashin kanta. Dambo, ɗan Ɗantunku, ya gaji ubansa ya ƙarfafa garin.

Ku lura da yadda yanayin ƙasa ya yanke hukunci a nan. Fili ya zama na Kano, dutse ya zama na Kazaure. Daga ranar Ɗambatta ta zama bakin iyaka, aka kuma danƙa ta ga gidan Dabo Dambazau, masu sarautar Sarkin Bai. Ba ƙaramin gida ake ba irin wannan amana ba. Sarkin Bai yana cikin mutum huɗu masu zaɓen Sarkin Kano, tare da Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A zamaninmu marigayi Sarkin Bai Alhaji Mukhtar Adnan ya riƙe wannan sarauta tun daga 1954 har rasuwarsa a 2021.

Iyaka tana da riba, tana da tsada. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Damagaram ta yi ƙarfi, ta tara bindigogi har da igwa. A ƙarshen shekarun 1890, bayan Basasar Kano ta raunana masarauta, Sarkin Damagaram Ahmadu Kuren Daga ya kawo hari har Gezawa a zamanin Sarki Alu. Ƙauyukan arewa su ne a bakin wuta. Wannan ne dalilin da tsofaffin garuruwan yankin nan suke da ganuwa ko kafi, jama'a a dunƙule. Gidajen da kuke gani yau a warwatse cikin gonaki, yawancinsu bayan an daina hare-hare aka fita aka kafa su.

Turawa, gyaɗa da yunwa

Turawan Ingila sun ci Kano ran 3 ga Fabrairun 1903. Cikin 'yan shekaru suka yi abu biyu da suka canja garuruwa irin namu. Sun fitar da hakimai daga birni suka ce kowa ya je ya zauna a gundumarsa, sai garin hakimi ya samu alƙali da ma'aikata da makaranta, kasuwarsa ta ƙara girma. Sun kuma ce haraji da jangali da tsabar kuɗi za a biya. Manomin da ya saba da rumbu, dole ya nemi abin sayarwa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai da ita, manoma kuwa suka duba rairayinsu da farashi suka zaɓi gyaɗa. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza 'yan baranda a kasuwannin ƙauye, dalar gyaɗa ta tashi a birni. Rairayin arewacin Kano yana cikin inda gyaɗa ta fi so. Amma ko shekara biyu ba a yi ba aka ga ɗaya fuskar al'amarin: daminar 1913 ta gaza, yunwar da ake kira Kakalaba ta auka wa ƙasar Hausa a 1914, ta fi tsanani a arewa, mutane suka yi ta kwarara kudu. Kuɗin gyaɗa bai hana rumbu zama wayam ba.

Garin iyaka kuma gari ne na masu buɗaɗɗen ido, don labari da baƙo ta nan suke bi. Ba mamaki da aka samu ɗan garin nan, Malam Magaji Ɗambatta, cikin samari takwas da suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agustan 1950, kafin ya yi suna a aikin jarida.

Zamanin dam

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo riƙonta. Shi ne ya ɗauki tare ruwa a matsayin babban aikin gwamnatinsa. Farin 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya kori jama'a daga Sahel, ya nuna yana da gaskiya. A 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta share amfanin shekarar, gyaɗa ba ta sake komawa matsayinta na da ba. Aka gama Tiga a 1974. A 1976 aka kammala dam ɗin Tomas da na Jakara a Wasai, na Gari da na Watari suka biyo baya wajen 1980. Tomas an gina shi ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 60. Tiga ta ninka shi wajen sau 30, amma a ƙasar da kogi ke bushewa wata takwas, wannan ba ƙaramin arziki ba ne.

An ga amfaninsa. Noman rani ya faɗaɗa, injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo, tumatir da albasa da shinkafa da alkama suka samu wuri. Masunta suka samu sana'ar shekara. Matashin da zai tafi cin rani ya samu dalilin zama gida. Hukumar bunƙasa noma ta jiha, KNARDA, ta ajiye hedikwatar shiyyarta a garin nan, aka kuma kafa Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a kusa da ruwan.

Amma ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kan abin da dam yake ci. Na farko, rana. A yanayi irin namu buɗaɗɗen ruwa yana asarar zurfin kusan mita biyu a shekara ta hanyar tururi kawai. Na biyu, yashi. Duk gonar da aka noma har bakin gaɓa, duk itacen da aka sare a gefen rafi, duk kwazazzabon da aka bari yana ci, ƙasarsa a cikin dam take kwana. Dam yana cikewa daga ƙasa, ido yana ganin ruwa shimfiɗe, alhali zurfin ya tafi. Na uku, mutanen gangare. Ambaliyar da aka tare ita ce da take kai wa fadamarsu laka da danshi. Binciken da aka yi a ƙasan Tiga ya nuna yadda tsohuwar fadama ta bushe bayan an tare kogin, can kwarin Haɗeja da Nguru kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Na huɗu, lafiya: ruwan da ke kwance gidan sauro ne da tsargiya, yaran da ke wanka a ciki su ne ke fitsarin jini. Na biyar, burtali da mashaya. Inda shanu ke sauka su sha, yau lambu ne. Rigimar da ake kai wa gaban dagaci kowace kaka, yawancinta daga nan take tasowa.

Akwai kuma haɗarin sakaci. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a Agustan 1988. Na Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ya shanye rabin Maiduguri. Bangon ƙasa na Tomas da aka gina a 1976 ya kai shekarun da za a riƙa duba lafiyarsa a kai a kai.

Abin da ya rage gare mu

A 1991 aka yanke Jigawa, Kazaure da Ɓaɓura suka koma can, Ɗambatta ta sake zama bakin iyaka. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta nan aka tsara zai bi. Wato tsohuwar hanyar ayari za ta sake rayuwa, kuma filin da ke gefenta zai yi tsada. Gona kuwa kullum ƙanƙancewa take: abin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabo. Ga masu yankan filaye suna bin gonakin bakin titi, ga masu tifa suna kwashe yashin kogi, wanda shi ne tulun da ke ajiye mana ruwan rani.

Don haka ina da roƙo ga kowane ɓangare na zauren nan.

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku, ku kuka san inda kowane burtali da mashaya suke tun asali. A zaga da dattawan manoma da arɗaɗɗan Fulani a tabbatar da su, a kafa alama, a rubuta, tun waɗanda suka sani suna raye. A kuma sa ido a kan inda ake ɗiban yashi, a ware wurin da aka yarda da wurin da aka hana.

Manoma 'yan'uwana, a bar wa gaɓa 'yar tazara, a dasa mata itace da ciyawa mai riƙe ƙasa. Tsiron gawo da ya fito a gona, a kewaye shi, kada garma ta bi ta kansa. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun mayar da miliyoyin itatuwa gonakinsu ta wannan hanya tun daga shekarun 1980, ba tare da sun sayi dashe ba. Takin zamani yana da amfani, amma ƙari ne a kan na turke. Rairayin da ba shi da takin gargajiya ba ya riƙe na buhu, ruwa ɗaya ke wanke shi.

Hukuma da wakilanmu, abin da muke nema a fili yake: a auna yawan yashin da ya taru a dam, a sanar da jama'a sakamakon, a gyara bango da magudanan ruwa, a sa masu amfani da ruwan cikin shawarar yadda za a sake shi, har da na gangare. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku kuma ɗalibai, aikinku ya fi na kowa sauƙi, ya kuma fi na kowa gaggawa. Kowannenku yana da waya. Ku je Fagwalawa da Ajumawa da Gwarabjawa da Saidawa da Kore, ku zauna gaban tsofaffi, ku tambaye su inda kogi yake bi kafin dam, wace fadama ce ta bushe, wace rijiya ce ba ta ƙafewa, wace shekara aka yi wace yunwa, me aka ci aka rayu. Ku ɗauka, ku rubuta da Hausa, ku ajiye a makarantunku. Injiniyan da zai gyara Tomas nan gaba yana bukatar wannan sani kamar yadda yake bukatar na'urar awo, kuma ina fata daga cikinku zai fito.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu.